Maɗiga, tagar ƙwaƙwalwar jinjiri

Kowace kaka a Agye ko Gazawa ta san maɗiga. Da ɗan yatsa take taɓa ta: in ta faɗa ciki, zawo ya tsotse ruwan jikin yaro, in ta kumbura ta yi tauri, hankalinta ya tashi. Ta wannan ƴar kafa mai laushi likitoci suka samu hanyar leƙa ƙwaƙwalwar jinjiri, amma sai da suka sha wuya.

Ƙashin kai ne ya daɗe yana tare hanya. A 1942 Karl Dussik, likita a Ostiriya, ya aika sauti ta cikin kan manya, ya ɗauka hoton ƙwaƙwalwa ya samu, ashe inuwar ƙashi ce. A 1978 Lu-Ann Papile ta yi amfani da babban injin CT a Amurka, ta duba bakwaini 46 da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, ta tarar jini ya zuba a ƙwaƙwalwar 20 daga cikinsu, da yawa ba tare da wata alama ba. To, ɗaukar bakwaini daga kwalba zuwa ɗakin hoto kasada ce babba. Shekara guda bayan haka, Karen Pape da abokan aikinta a Landan suka turo na'urar eko har bakin gadon jinjiri. Zuwa 1980 masu aikin sun gane cewa ɗora kan na'urar a maɗiga ya fi ba da hoto mai kyau: babu allura, babu hasken da ke cutarwa, yaro na barcinsa a gama.

A ƙasashenmu, ana yawan ganin ruwa da ke taruwa a kai. Benjamin Warf, likitan da ya yi aiki a Mbale ta Uganda tun 2000, ya nuna cewa fiye da rabin jariran da kansu ya kumbura, ciwon ya biyo bayan ƙwayar cuta ce da ta kama su cikin makonnin farko. Wanda ya san zafin jikin jinjiri a ƙauyukan Gidan Rumji, da cibiyar da aka yanke da reza mara tsabta, ba zai yi mamaki ba. Eko na nuna ruwan tun kai bai girma ba, lokacin da tura yaro Maraɗi ko Yamai ke da amfani.

Matan jihar Maraɗi sun saba da eko wajen awon ciki. Na'urar ɗaya ce. Ƙaramin kai take buƙata da hannun da aka koya wa aikin. Maɗiga kuwa tana rufewa wajen wata 18. Ya kamata asibitocin Agye, Gazawa da Gidan Rumji su horar da ma'aikatansu duba kan kowane bakwaini da kowane jinjirin da ya yi zazzaɓi ko jijjiga.