Ganuwar Yariko da Tudun Lakish

Masana ilimin tonon kufai, wato nazarin rayuwar mutanen dā ta hanyar abin da suka bari a ƙasa, sun daɗe suna gwada labaran Tsohon Alkawari da abin da tono ya fitar, kuma garuruwa biyu sun isa su nuna cewa littattafan ba su zama ɗaya ba wajen ingancin tarihi.

Littafin Joshuwa ya ba da labarin rushewar ganuwar Yariko a gaban Bani Isra'ila. John Garstang, wanda ya yi tono a wurin daga 1930 zuwa 1936, ya ɗauka ya gano wannan ganuwa, amma da Kathleen Kenyon ta sake tonon tsakanin 1952 da 1958, tana bin ƙasar hawa-hawa tana ƙiyasta shekarun kowane hawa da irin tsingaron tukwanen da ke cikinsa, sai ta nuna cewa birnin ya ƙone wajajen 1550 kafin Miladiyya, kuma a zamanin da ake danganta wa Joshuwa kusan kufai ne.

Lakish kuwa daban take, domin harin da Sennakerib, sarkin Assuriya, ya kai ƙasar Yahuza a 701 kafin Miladiyya yana da shaidu uku masu zaman kansu. Littafin Sarakuna na Biyu ya ambace shi, sassaƙen bangon fadar Sennakerib a Nineba ya zana yadda aka ci garin, sannan tonon David Ussishkin, wanda ya fara a 1973, ya bankaɗo tudun duwatsun da Assuriyawa suka tara don hawa ganuwa, tare da ɗaruruwan kawunan kibau. Har gandun da Sarki Hezekiya na Yahuza ya biya, ɓangarorin biyu sun yarda a kan talanti 30 na zinariya, talanti kuwa ma'aunin nauyi ne na lokacin, sai dai sun saɓa a kan azurfa, inda marubutan Yahuza suka ce 300, na Assuriya suka ce 800. Kowa ya ja ruwa zuwa gonarsa: wancan ya ce mala'ika ne ya hallaka rundunar Assuriya, wannan ya yi alfaharin tsare Hezekiya a Urushalima ba tare da ya ce ya ci birnin ba.

Bambancin ya fi alaƙa da tazarar lokaci, saboda masana da yawa suna ganin an fara tsara littattafan nan a ƙarni na 7 kafin Miladiyya, lokacin da yaƙin Lakish bai gushe daga bakin dattawa ba, alhali gobarar Yariko ta haura shekara 800.