Gata da Gurbin Karatu: Daga Kwalejin Katsina Zuwa Unguwar Briqueterie

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Wannan maƙala za ta auna karin maganar da tarihin shiga manyan makarantun boko, waɗanda gurabensu kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Za a fara da Nijeriya ta Arewa, sannan a gangaro Kamaru, inda Hausawa suke da tsohuwar unguwa a birnin Yawunde. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne ma'anar kalmar gata. Ba kuɗi kaɗai take nufi ba, ta haɗa da sarauta da malanta da kusanci da masu mulki.

2.0 Makarantun 'Ya'yan Sarakuna

Tun farko Turawan mulkin mallaka ba su yi nufin ilmantar da kowa da kowa ba. A shekarar 1855 Gwamna Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Sanluwi ta ƙasar Senegal, inda ake tsare da 'ya'yan sarakuna a matsayin garkuwa, ana koya musu Faransanci. A Kano kuwa, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya ware aji na malamai da aji na 'ya'yan sarakuna. Dalili a fili yake: mulkin Ingilishi ya dogara ne a kan sarakuna, saboda haka ana bukatar magada waɗanda suka iya karatu da lissafin haraji.

3.0 Kwalejin Katsina

An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, domin horar da malaman makaranta Musulmi. Ba a neman shiga kai tsaye. Sai yaro ya ratsa makarantar lardi, an zaɓo shi, sannan En'e ta ɗauki nauyinsa. Tun da hakimi da dagaci ne suke kawo yara makaranta tun daga tushe, wanda yake kusa da fada shi ido yake fara gani.

Asalin ɗaliban ya tabbatar da haka. Ahmadu Bello, wanda ya gama a 1931, ɗan hakimin Rabah ne, kuma jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abubakar Imam da Sa'adu Zungur daga gidajen malanta suka fito. Aminu Kano, wanda ya gama a 1942 bayan an mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga zuriyar alƙalai yake. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarauta ba ne, amma mahaifinsa yana aiki ne a ƙarƙashin hakimi, wato shi ma ta ƙofar fada ya bi.

A nan akwai abin lura. A wancan zamani boko abin gudu ne, har ana ba da labarin manyan da suka ɓoye 'ya'yansu suka tura 'ya'yan barorinsu. Attajiri kuma bai ga dalilin da zai raba ɗansa da allo da fatauci ba. Sai da aka doshi mulkin kai aka gane darajar gurbin: Firayim Ministan Nijeriya na farko da Firimiyan Jihar Arewa duk tsofaffin ɗaliban makarantar ne. Ta koma Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa a 1971. Sunan ya dace, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

4.0 Yawunde da Unguwar Hausawa

Unguwar Briqueterie ta samo sunanta ne daga Faransanci, ma'ana wurin da ake buga tubali. Nan fatake Hausawa da sauran Musulmi suka taru, suka yi suna a cinikin shanu da nama da tufafi. Suna da abin hannunsu, sai dai ilimin boko a kudancin Kamaru ya fi yawa a hannun mishan, abin da ya sa iyaye Musulmi suka ja baya. Babbar makarantar da Faransawa suka buɗe a Yawunde a 1921 domin horar da ma'aikata, ita ce Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa, ya gama kafin ya kama aikin gidan waya a 1942. Ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982.

A zamaninsa ne, a 1975, aka kafa dokar raba gurabe tsakanin larduna a jarrabawar gasa, wadda ake kira konkur, aka kuma gyara ta a 1982. Ana lissafa ɗalibi ne da lardin asalin iyayensa, ba inda aka haife shi ba. Nijeriya ma ta bi irin wannan hanya bayan kafa hukumar JAMB a 1978. Dokar ta rage ratar da ke tsakanin yanki da yanki, amma ba ta taɓa ratar da ke tsakanin gida da gida ba. Idan ɗan babban ma'aikaci da ɗan mai gasa tsire a Briqueterie suka nemi shiga makarantar ENAM, mai horar da jami'an mulki da alƙalai, a ƙarƙashin kaso guda, na farko ya zo ne da makaranta mai tsada da kuɗin darasin share fage, na biyu kuwa ya zo da ƙoƙarinsa kawai.

5.0 Kammalawa

Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. A Amurka, a 2019, an gurfanar da attajirai da dama bisa laifin ba da toshiyar baki domin shigar da 'ya'yansu manyan jami'o'i. Abin da tarihinmu ya nuna shi ne gata yakan sauya riga. A 1922 rawani ne, daga baya ya zama kujerar ofis da kuɗi. Wariyar kuma ba a zauren jarrabawa take farawa ba, tun daga ajin farko na firamare ake yin ta. Don haka duk al'ummar da take son ganin 'ya'yanta a manyan makarantu, can ya kamata ta fara zuba dukiyarta.