Dutsen Dala: Tarihin Zama a Kansa da Gindinsa

Dala dutse ne na jar marmara mai shimfiɗaɗɗen kai, a cikin ganuwar birnin Kano ta wajen arewa maso yamma. Littattafai kan ce tsayinsa mita 534, amma wannan awo ne daga saman teku, kuma ƙasar Kano ita kanta ta haura mita 450. Mai ƙarfin gwiwa zai hau shi cikin 'yan mintoci. 

Saɓanin masana ya fi yawa a kan mazauna na farko. Labarin baka na Abagayawa yana cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya, maƙwabciyar Wudil, yana neman tama, ya same ta a nan ya zauna. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965, ita ma Gaya ta nuna, sai dai a wurinta Bagauda maharbi ne, shi ya fara saran dajin. Littafin Tarihin Kano kuwa bai yarda da ko ɗaya ba: ya ce Bagauda baƙo ne da ya tarar da mutane, da shugabanninsu da abin bautarsu. Hujjar da ta fi waɗannan duka ƙarfi daga ƙasa ta fito. An auna gawayin wani tsohon wurin narka tama a gindin dutsen, awon ya nuna wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan ana zuga a Dala shekaru ɗari uku ko fiye kafin lokacin da ake ba Bagauda, kuma wannan ya ƙara wa labarin maƙeran Gaya nauyi.

A cewar Tarihin Kano, Dala sunan mutum ne, wanda ya zo ya gina gida a kan dutsen, ya haifi 'ya'ya bakwai, huɗu maza uku mata. Babbansu Garageje shi ne kakan Buzame, Buzame ya haifi Barbushe. Barbushe ƙato ne, maharbin giwa, kuma shi kaɗai ke shiga katangar da ta kewaye itaciyar Tsumburbura, abin bautarsu. Ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. A ranakun mutane kan taru daga ko'ina da baƙin kare, da baƙar kaza, da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga da dare ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. A irin wannan fitowa ce aka ce ya yi musu albishir mara daɗi, cewa wani zai zo da runduna ya mallake su.

Masu ba da labari kan tsaya a nan, su tsallake jerin sunayen da ya biyo baya, alhali shi ne ya fi nuna yadda garin yake. Akwai Gijigiji maƙeri, da Bugazau mai dafa giya, da Hamburki mai magani, da Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, da Jandodo makaɗi, da Maguji mai haƙar tama da narka ta, da Awar mai gishiri. Wurin da ke da mai gadin dare da mai gishiri ya wuce zangon maharba. Gari ne da ya raba sana'o'i, yana kuma hulɗa da mazauna sauran duwatsu irin su Gwauron Dutse, Magwan, Fanisau da Santolo.

Shekarar 999 da ake rubutawa a matsayin zuwan Bagauda tana bukatar a yi hattara da ita. Asalin littafin na Larabci tsawon mulkin kowane sarki ya kawo. H. R. Palmer, da ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, shi ya lissafa baya-baya har ya kai ga wannan adadi. Littafin kansa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi, zamanin Sarki Muhammadu Bello, kuma masanin tarihi Murray Last yana ganin Ɗan Rimi Malam Barka ne ya haɗa shi. Tsakanin marubucin da Barbushe akwai kusan shekaru ɗari tara. Daga zamanin Yaji zuwa gaba shekarun sun fi zama abin dogaro.

Darajar dutsen ta ragu ne sannu a hankali. Bagauda bai zauna a Dala ba, a Sheme ya zauna. Gijimasu (1095–1134 a lissafin Palmer) ya fara ganuwa, dutsen ya koma cikin birni. Tsamiya (1307–1343) ya rushe katangar Tsumburbura. A zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka kuma ci Santolo, wadda ta daɗe tana gagarar sarakunan Kano. Da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina gidansa can kudu, ya kafa Kasuwar Kurmi, sai harkar birni ta bar gindin Dala. Daga nan Tarihin Kano ya kusa daina ambatonsa.

Sai a ƙarni na 19 dutsen ya sake bayyana a rubuce, ta hannun Turawa matafiya. Clapperton ya ga Dala da Gwauron Dutse a 1824. Barth ya hau Dala a Fabrairun 1851, kuma hoton birnin da aka buga a littafinsa daga nan aka ɗauko shi.

Mutanen gari ba su taɓa barinsa ba. Ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, mata da yara da samari kan cika shi maƙil, kuma ita ce rana mafi kyau ga baƙon da ke son ganinsa da jama'a. A 2007 Nijeriya ta sa Dala, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da gidan Sarki, cikin jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO. Gidaje dai sun matse shi ta kowace kusurwa, ruwan sama na zaizayar gefensa kowace damina, kuma ƙasar da za a tona don ƙarin bayani a kan maƙeran farko yawancinta tana ƙarƙashin ɗakunan mutane.