Begen Kututture: Mishan da Yunwar 1984 a Ƙasar Maraɗi

Dattawan ƙasar Maraɗi ba su manta da shekarar 1984 ba. Damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai yi bunni ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa. A shekarar ne kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsin kudu ya daina shigowa, shi ya sa talakawa suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari.

Yunwar ta tarar da ƴar ƙaramar al'umma ta Kirista a yankin. Mishan ɗin SIM ta zauna a Damagaram tun shekarun 1920, daga baya ta kafu a Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare a Danja. Cikin ma'aikatanta akwai wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya iso a 1981 domin dashen itatuwa. Aikin bai yi albarka ba: rana da iska da awaki suna cinye yawancin abin da aka dasa.

Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da ya kusa fid da rai, a 1983. Ya tsaya a kan hanya don rage iskar tayoyin mota saboda rairayi, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza ce. Ashe toho ne na itacen da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa. Irin waɗannan kututtura na kalgo da sabara sun cika gonaki, ana sassabe su kowace bazara. Abin da suke bukata kawai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a tsare su.

Da fari manoma sun yi masa dariya, musamman da yake doka ta mallaka wa gwamnati itatuwa, ba mai gona ba. Yunwa ce ta sauya lamarin. Mishan ta raba hatsi a ƙauyuka kusan 100, bisa sharaɗin kowa ya bar toho a gonarsa. Da rabon ya ƙare, an sare mafi yawansu, amma waɗanda suka daure sun ga itacen girki da abincin dabbobi, ƙasarsu ta daina bin iska. Maƙwabta suka kwaikwaya, dabarar ta sami suna sassaben zamani. Cikin shekarun 2000, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Yawancin masu wannan aiki manoma ne Musulmi, waɗansunsu ma, kamar masu rainon gawo a ƙasar Damagaram, sun gaji hikimar ne tun kaka da kakanni.

Littafin Ayuba, sura ta 14, ya kawo misalin itacen da aka sare a cikin maganarsa kan bege. Ga Kirista, bege yana nufin amincewa cewa Allah bai janye hannunsa ba, ko da ido bai ga alama ba. Tarihin 1984 ya nuna irin aikin da wannan amincewa ke haifarwa: mai ita yana roƙo, sa'an nan ya sunkuya ya duba abin da ke gabansa, ya ɗauki lauje ya datse rassa, ya jira damina.