Lissafin da ya kawo Sylvester Ugoh

A 1989 Janar Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, ya ce NRC ta ɗan karkata dama. Ita ce, a takarda dai, gidan masu son gwamnati ta sakar wa kasuwa mara. Lokacin da ta tsayar da Bashir Tofa, ɗan kasuwar Kano, a 1993, babbar damuwar masana'antun Bompai da Sharada da Challawa ita ce kuɗin waje: tun da shirin SAP ya karya darajar naira a 1986, shigo da kayan sarrafawa da na gyaran injuna ya zama jan aiki.

Mataimakin da Tofa ya ɗauka, Dakta Sylvester Ugoh, masanin tattalin arziki ne, tsohon gwamnan Bankin Biyafara. Sai dai ba iliminsa aka tallata wa masu zaɓe ba. Abin da aka duba, Kirista ne ɗan ƙabilar Ibo daga Imo, wanda zai daidaita takarar Musulmi ɗan Arewa. Abiola na SDP kuwa ya yi fatali da wannan lissafi, ya ɗauki Babagana Kingibe, Musulmi ɗan'uwansa. Ranar 12 ga Yuni ya kayar da Tofa har a jihar Kano.