Daga Samanja Zuwa Camama: Wa Ake Yi Wa Dariya?

Kafancan gari ne da mahaɗar layin dogo ta raya, ta tara Fantswam da Bajju da Atyap da Hausawa da Ibo a kasuwa guda, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Shi ya sa wasan barkwanci na Hausa bai taɓa zama baƙo a kudancin Kaduna ba.

A shekarun 1970 da 1980, lokacin da talabijin ɗaya ke tara yaran unguwa, gwanin ban dariya shi ne Usman Baba Pategi, wato Samanja na NTA Kaduna. Kudancin Kaduna, yankin da ya ba rundunar soja 'ya'yansa da yawa, ba ya buƙatar a fassara masa Hausar bariki. Daga Jos kuma ga Karkuzu. Abin dariyar a nan hali ne: kurin soja, haɗama, wayon da ke komawa kan mai shi. Wawan wancan zamani jikan wawan sarki ne, mai fakewa da wauta ya faɗa wa manya gaskiya.

Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, kaset ɗin bidiyo ya kawo camama, fim mai arha da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki. Sarkinta Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, gwani ne na haƙiƙa. Amma kasuwar da ya buɗe ta cika da masu neman dariya ta hanya mafi sauƙi: a karkace baki, a saki miyau, a ɗaure wando a ƙirji, a fito a dolo. Wannan ba hali ake kwaikwaya ba, yaron maƙwabta ne mai tawayar ƙwaƙwalwa, kuma gobe a filin ƙwallo shi za a kwaikwaya wa tafiyarsa. Mutanen kudancin Kaduna sun san zafin irin wannan, domin camamar ma ta mai da Ɗan Gwari, mai karyayyar Hausa, abin tsokana.

Turawa ma sun bi wannan hanya, musamman a finafinan wasanni. A The Waterboy na 1998, Adam Sandler ya sha tafi da rawar gaɓo mai ɗebo wa 'yan wasa ruwa. The Ringer na 2005 labarin wani ne da ya yi ƙaryar tawaya don ya cinye gasar Special Olympics, sai dai masu tawayar na gaske sun fito a ciki, su ne ma suka gano shi. Labarin ba tatsuniya ba ce zalla: a gasar naƙasassu ta Sidni a 2000 an ƙwace zinaren ƙwallon kwando daga Sifaniya, bayan an gano goma cikin 'yan wasanta 12 lafiyarsu ƙalau. A Sifaniyar kuma aka yi Campeones a 2018, inda masu tawayar suka riƙe fim ɗin, kocin mai girman kai ya zama abin dariya.

A nan gida kuwa, a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Kafin nan camama ta riga ta bar kaset ta koma waya, kuma rawar dolo na nan a gajerun bidiyon TikTok, inda ba darakta, ba mai tacewa, sai yawan masu kallo.