Dutse, Tagulla, Ƙarfe: Daga Ina Wannan Jerin Ya Fito?

Duk wanda ya zauna a ajin tarihi ya haddace cewa ɗan Adam ya fara da zamanin dutse, ya shiga na tagulla, sannan ya kai ga na ƙarfe. Ana karantar da wannan kamar wata doka da ta hau kan kowace al'umma, alhali asalinsa dabarar jera kaya ce a gidan adana kayan tarihi. Wani mutumin Danmak, Christian Thomsen, aka danƙa wa tarin gatura da takubba a birnin Kofanhegan a 1816. Ya ware su bisa abin da aka ƙera su da shi, ya kuma wallafa tsarin a 1836. A 1865 Baturen Ingila John Lubbock ya raba zamanin dutse gida biyu, tsoho da sabo. Daga baya aka jingina wa sabon wasu abubuwa a dunƙule: noma, kiwo, ginin tukwane da zama wuri guda. Tsarin ya yi wa Turai da Gabas ta Tsakiya daidai gwargwado, domin a Gabas ta Tsakiya an noma alkama da sha'ir tun kimanin shekaru 11,000 da suka wuce. Matsalar ta taso ne da aka ɗauke shi ma'aunin duniya baki ɗaya.

Afirka, inda aka samu kayan aikin dutse mafi tsufa, masu shekaru miliyan 3.3 a Lomekwi ta Kenya, ita ce ta fi bijire wa jerin. A Ounjougou da ke ƙasar Dogon ta Mali an tono ɓaraguzan tukwane masu fiye da shekaru 11,000, kuma masu su ba manoma ba ne. Tsabar ciyawar daji suke tarawa su dafa. A lokacin Sahara tana da tafkuna da ciyayi. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda ayarin masu bincike na Paul Sereno ya ci karo da wata maƙabarta a 2000, an samu kaburbura kusan 200 tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da masu na ƙashi don sukar kifi. Mutanen da ke binne matattunsu wuri guda zuriya bayan zuriya ba 'yan gararamba ba ne, duk da cewa ba su da gona. Haka ma kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya tarar yana haƙar rijiya a 1987: tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, an fafe shi daga itace guda ba tare da ƙarfe ba. Wanda ya taɓa ganin masassaƙi yana fama da turmi ya san irin gwanintar da wannan ke nufi. Sai kiwon shanu ya biyo baya, gero kuwa bai zama abin shukawa a kwarin Tilemsi na Mali ba sai wajen shekaru 4,500 da suka shige, lokacin da ƙasa ta fara bushewa. Wato a nan tukunya ta riga saniya, saniya ta riga gona.

Mai ja zai ce, ai ko ina dutse ya riga ƙarfe, don haka Thomsen bai yi kuskure ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa masana ba su yar da sunayen ba har yau. Amma abin da aka ƙera gatari da shi ba ya faɗin yadda mai gatarin ya rayu. Masuncin Gobero da manomin alkama na bakin kogin Furatu duka da dutse suke aiki, rayuwarsu kuwa ta sha bamban. Sannan matakin tsakiya ma ba kowa ya taka shi ba. A Taruga, cikin yankin al'adar Nok, an samu tandunan narka tama na ƙarnoni da dama kafin haihuwar Annabi Isa, ba tare da wani zamanin tagulla a gabansu ba.

Wani kuma zai ce tonon da aka yi a Afirka kaɗan ne, wataƙila tagullar na kwance a ƙasa ba a kai gare ta ba. Wannan hujja tana da nauyi, domin an narka jan ƙarfe a kewayen Agadas da Akjoujt ta Muritaniya tun da daɗewa. Sai dai hakan bai game yankin ba, balle ya zama zamani mai zaman kansa, kuma shahararrun kayan tagulla na Igbo-Ukwu na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 ne, bayan ƙarfe ya daɗe a hannun maƙera. Malaman tarihi a makarantunmu su ci gaba da koyar da jerin Thomsen, amma su gaya wa ɗalibai wanda ya tsara shi da ƙasar da aka tsara shi dominta, su kuma sa Dufuna da Gobero da Taruga a cikin darasin.